Fitilar da Baba Zai Riƙe

Ga wani ƙato a shagon kayan lantarki, farcensa baƙi ƙirin da man inji, yana jujjuya fitilu jiki a sanyaye, kamar wanda ya fasa tulun surukarsa.

Mai shago ya miƙo wata. "Maigida, wannan mai mayen ƙarfe ce. Manna ta a bonet ɗin mota, ta riƙe kanta, ba ka buƙatar kowa."

Ƙaton ya sunkuyar da kai. "Baba ke haska min idan ina gyaran mota a gida. Hannunsa na rawa. Jiya na daka masa tsawa."

"To ai ka huta!"

Ƙaton ya ajiye ta a hankali. "Ba ni marar nauyi, wadda tsoho zai iya riƙewa."