Hawan Genzaburo na Talatin da Uku

Genzaburo mai gyaran rufi ya hau dutsen Fuji sau talatin da biyu, kuma ba wanda ya huta da jin labarin a unguwarmu. A ƙungiyar masu ziyarar dutsen, wanda ya cika talatin da uku ake kafa wa dutse da sunansa a farfajiyar ɗakin bauta. Shi ke nan burinsa a duniya. Yana tafe cikin fararen kaya yana waƙar a tsarkake ido da kunne da harshe, alhali harshensa ya fi kwata ƙazanta. Ni Tatsuno mai awara, ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba.

Muna da ɗan tudu a bayan ɗakin bautar, kakanninmu suka tara shi da duwatsun da suka ɗauko daga Fuji a bayansu, don marasa ƙarfi. Rana ɗaya ake buɗe shi a shekara, hawansa kuma daidai yake da hawan babban. Mijina Kiichi da ɗingishi aka haife shi, nan yake hawa. Duk shekara sai Genzaburo ya tsaya a ƙofa yana dariya.

"Kiichi, ka yi guzuri kuwa? Kar ka ɓata a tudun guragu!"

Kiichi bai taɓa tanka masa ba har ya mutu. Makullin ƙofar tudun, da dā shi yake riƙewa, ya dawo hannuna.

Sai ciwon gwiwa ya kama Genzaburo. Likita ya ce shi da Fuji sai kallo daga nesa. Shekara uku yana cije baki. A ta huɗu, ranar buɗewa da hantsi, sai ga shi da sanda, an sha fararen kaya.

"Matar Kiichi, a buɗe mini."

"Au! Shugaba, ɓatan hanya ka yi? Nan fa na guragu ne."

"Hawan nan ma hawa ne," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Ban ji ba. Ɗaga murya, ga mutane."

Ya faɗa da ƙarfi. Na buɗe. Taku sittin ne kacal, amma sau biyar ya zauna, a ƙarshe da rarrafe ya kai. Ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Ya sauko yana haki, ido duk hawaye.

"Talatin da uku," ya ce.

"An gaishe ka," na ce. "Kiichi arba'in da ɗaya ya yi. Saura takwas ka kamo gurgu."