Yafiyar da Ba Ta Hannuna

Ko zan manta komai na zamana a birnin Greensboro, ba zan manta ranar da na je sallama da wani tsohon Bature a garin Summerfield da ke kusa ba. Aikina a lokacin kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shi tsohon sojan ruwa ne, matuƙin jirgin saman yaƙi, irin masu tashi daga kan jirgin ruwa. Ya yi yaƙin Vietnam, har an taɓa harbo shi ya faɗa teku. Lambobin yabonsa na jere a falo, ni ke goge su. Baba nake ce masa, ya hana har ya gaji ya saba.

Zan je gida Maraɗi duba mahaifiyata, sai na yi abin da muka taso muna yi. Na durƙusa gefen kujerarsa na ce, "Baba, zan yi tafiya. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Ya yi dariya, wai me na sace masa? Na ce haka muke yi, don ba wanda ya san ko za a sake haɗuwa. Nan take dariyar ta ɗauke.

"To wanda bai taɓa ganin fuskokin waɗanda ya yi wa laifi ba fa?" in ji shi. "Akwai wani ƙauye a bakin kogi. Daga sama rufin gidaje kawai na gani, da shanya. Na saki abin da aka ce in saki, na dawo aka maƙala mini lamba a ƙirji." Sai ya kama hannuna. "Ni ma ki faɗa mini. Ki ce kin yafe."

Tausayinsa ya cika ni, amma ta yaya zan yi kyauta da abin da ba nawa ba? Na ce, "Baba, tsakanina da kai na yafe, duniya da lahira. Nasu kuwa ba ya hannuna."

Ya gyaɗa kai. "Na sani," ya ce. "So na yi kawai in ji yadda kalmar take a kunne."

Ina Maraɗi 'yarsa ta bugo waya ta ce ya rasu. Na yi kuka ba kaɗan ba. Abin da na koya shi ne kada in jira sai zan yi tafiya. In na ɓata wa mutum, a ranar nake nemansa, tun ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Shi bawan Allahn nan shekara da shekaru yana ɗauke da roƙonsa, ya rasa wanda zai miƙa wa.