Mutumin da ya karya sandar miƙa kunu

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka binne Yaya Barnaba, mijin yayata, a Sokodé ta ƙasar Togo, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na miƙe tsaye in gyara riga. Matata dariya take yi. Ita ba ta taɓa shan marinsa ba.

Mahauci ne. In ya daka tsawa a mahauta, awakin garin Adjengré can nesa ma sai sun daina kiwo sun saurara. Da girmansa ya karɓi Almasihu, ruwan baftisma ya wanke komai ban da zafin ransa. Sau biyu dattawan ikkilisiya suna hana shi cin jibin Ubangiji, na biyun don ya cire wa wani haƙori a ƙofar majami'a. Ni ƙanen matarsa ne, ina da izinin tsokanarsa, amma ƙafata ɗaya a waje nake yi.

Zamanin Faransawa na kai goro Dapaong, agana ta kama ni. Aka kai ni wata bukka a bayan gari, aka sa gardi ya tsare hanya. Kunu da doguwar sanda ake turo mana, mai turowa ya kau da kai. Mu huɗu ne a ciki. Cikin kwana biyar saura ni kaɗai, kuma na ga yadda aka ja sauran da igiya. Ni da nake ba kasuwa dariya, sai ga ni ina kallon ƙafata, ina tunanin inda za a ɗaura igiyar. Ƙwaryar kunu tana bakin ƙofa, na kasa jan jiki in kai gare ta.

Ran nan da hantsi na ji muryar Yaya Barnaba, ya biyo ni tun daga Sokodé. Wallahi sai tsorona ya zama biyu.

Ƙa'ida ita ce ba mai shiga sai wanda ya taɓa yin agana, don ba ta kama mutum sau biyu. Gardi ya dubi fuskarsa sumul, ya ce, "Baba, ina zanen aganarka?"

"A gindi yake. In tuɓe maka?"

Gardi ya matsa. Ƙarya ce, bai taɓa yi ba. Ya fizge sandar nan, ya karya ta a gwiwa, ya shigo.

Na ce, "Yaya, koma, za ka mutu."

Ya ce, "Rufe mini baki, rago. Yayarka ta hana ni sakat da kuka. Sha."

Na ce ba zan iya haɗiya ba. Ya ɗaga hannu. Na shanye, har da lashe ƙwarya.

Kwana goma sha biyu yana goge mini ƙuraje yana zagina. Addu'arsa ma faɗa ce. Ya durƙusa ya ce, "Ubangiji, me za ka yi da wannan sakarai a can? Surutu zai dame ka da shi. Bar mana kayanmu." Na rufe ido, ina jiran aradu ta faɗo mana. Ba ta faɗo ba. Na tashi, shi ya kwanta, ciwon ya tafi da idonsa na hagu.

Kada mai karatu ya ɗauka ya sake hali. Ranar da na je yi masa godiya, da ƙashin saniya ya jefe ni.

Da zai leƙo majami'armu yau, ya ga yadda muke gaisawa da lallausar murya, ya gan ni zaune cikin dattawa, da ya yi tsakin da zai ɗaga kwanon rufi. 'Ya'yana bakwai duk bayan bukkar nan aka haife su. Allah bai jira Barnaba ya yi sanyi ba kafin ya aike shi.

Kowa ya shaida na fi shi haƙuri, kuma wannan ne ke ba ni tsoro. Na sha tambayar kaina: da shi ne a ciki, ni a waje fa? Na san amsar. Da na tura masa kunu daga nesa, in yi masa addu'a mai daɗi, in koma gida da idona biyu.