Rijiyar da Ba A Buɗewa Sai An Yi Baƙi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Maraɗi, mu uku: ni, da abokina mai motar, da ƙanena malamin lakol, wanda shi ya ƙulla tafiyar. Ya ishe mu da mita, wai kullum yana gaban allo yana koya wa yara tarihin wasu ƙasashe, nasa na gida kuwa bai taɓa taka ƙafa ya gani ba. Muka ce to, mu je, kafin damina ta ɓata hanya.

A Tibiri muka fara yada zango. Wani dattijo ya zaga da mu tsofaffin unguwanni, yana ba mu labarin zaman Gobirawa a wurin kamar jiya aka yi. Da muka miƙa masa na goro sai ya ɓata rai, da ƙyar ya karɓa. Daga nan muka hau jar hanya zuwa Cadakori, motar tana rawa, mai ita yana salati a kowane rami. Mun taki sa'a ranar kasuwa ce. Muka sha fura, amma nonon ya yi tsada har abokina ya tambayi mai tallar ko saniyar tata a Makka take kiwo. Ta ce masa bazara ce, in yana da ciyawa ya kawo. Da yamma muka juyo gabas, muka sayi aya a Cadawa, muka kwana Agye gidan wani ɗan'uwa.

Shi ne ya ba mu labarin wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye kudu da Gazawa. Ya ce wani furoje na masu ba da tallafi ya gyara ta, ya yi mata katanga da ɗakin kayan tarihi saboda masu yawon buɗe ido. Ƙanena ya kasa barci don ɗoki.

Da hantsi muka bar kwalta muka shiga yashi. Rana tana dukan rufin mota kamar da gayya. Tun daga nesa muka hango farar katanga da ƙofar ƙarfe, an liƙa allo da Faransanci. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne shanu. Garke guda ne tsaye a jikin katangar, ƙasusuwan haƙarƙari a waje, sun kafa hanci a ƙofar ba sa ko motsi. Wani tsohon Bafulatani yana tsugune a inuwar aduwa da guga da igiya a gabansa.

Motarmu na tsayawa sai tsohon nan ya zabura ya miƙe. Mai gadi ya fito da makulli yana washe baki: “Maraba da baƙi! Maraba!” Ya buɗe ƙofa. Kafin mu sa ƙafa, tsohon ya riga ya ɗaura igiya a jikin jakinsa.

Rijiyar kam abin kallo ce, ba zan rage ta ba. Manyan itatuwa aka gitta a bakinta tun zamanin kakanni, igiya ta ci su ta yi musu kwari-kwari, sai ka sa yatsunka su nutse a ciki. Zurfinta kuwa, sai jaki ya yi tafiya mai nisa kafin guga ta leƙo. A ɗakin tarihin akwai tsofaffin gugunan fata da ƙoren zuba ruwa, ƙura ta rufe su.

Na tambayi mai gadi me ya hana shanun shan ruwa tun safe. Ya sosa ƙeya. Ya ce dokar kwamiti ce: shanu suna ɓata wuri, igiya kuma tana ƙara cin itatuwan, don haka rijiya a kulle take. Ba a buɗewa sai an yi baƙi, su ga yadda ake jan ruwa irin na da, su ɗauki hoto. Baƙi na tafiya a rufe. Na ce baƙin kuma sau nawa suke zuwa? Ya ce tun da aka shiga maganar rashin tsaro, sai a yi wata da watanni ba a ga ko ɗaya ba. Famfon gari na mutane ne, jarkoki kansu layi suke kwana. Makiyaya sai su kora dabbobi har wata rijiya mai nisa, wadda rabonta da ruwan kirki tun farkon bazara.

Wallahi ji na yi kaina ya yi zafi. Rijiyar da makiyaya suka goge bakinta da igiyarsu, wadda ba don su ba babu abin da za a nuna wa kowa, ita aka kulle musu, aka mai da su 'yan wasan kwaikwayo a kanta! Wane mai tunani ne ya zauna a buro cikin sanyin fanka ya tsara wannan? Na buɗe baki zan sauke wa mai gadi, sai na ga takalminsa a tsinke, ɗaure da leda. Na haɗiye.

Muna haramar komawa mota tsohon ya sha gabana. Hausarsa a karye, amma babu abin da ban gane ba.

“Alhaji, don Allah, kada ku tafi yanzu. Ku ƙara kallo kaɗan. Ko rabinsu ba su sha ba.”

Na ce, “Baffa, ja ruwanka. Ba mu ma fara kallo ba.”

To, jama'a, ranar nan mun yi kallon rijiyar da ba a taɓa yi wa wata rijiya ba. Ƙanena ya sa mai gadi ya ba shi tarihinta daga farko, da ya kai ƙarshe ya ce bai gane tsakiyar ba, a sake. Abokina ya ɗauke ta hoto ta gabas, ta yamma, a tsaye, a kwance, har wayarsa ta mutu, ya ci gaba da ɗaga ta a mace. Ni na tuɓe riga na kama jigilar ruwa zuwa kwamin icce na shayar da dabbobi da ke waje, don ba a yarda shanu su tsallake ƙofa ba. Mai gadi ya gane sarai, har tabarma ya shimfiɗa mana. Labari ya bazu, mata suka fito da tuluna, wasu makiyayan suka gangaro da tumaki. Muka yi azahar a wurin, muka ci ayarmu a madadin abincin rana.

La'asar ta yi, ta wuce. Tun a Gazawa jandarma sun ja mana kunne kada magariba ta same mu a wannan hanyar, abokina kuma yana da iyali da ke jiransa. Ruwan ma ya ja baya, guga tana fitowa rabi. Manyan shanu sun sha, amma akwai raunana a baya waɗanda ake ta tunkuɗewa, da wata jar saniya da ta kwanta ta kasa tashi, ɗan maraƙinta yana zagaya ta. Na roƙi mai gadi ya bar ƙofar a buɗe bayanmu. Ya nuna mini wani gida da haɓa, ya ce shugaban kwamiti yana hango wurin nan daga zaurensa, kuma da wannan gadin yake ciyar da 'ya'yansa. Na taka har zauren. Aka ce mai gidan ya yi tafiya, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa.

Guga ta ƙarshe ni na kai wa jar saniyar har inda take kwance. Ta shanye, ta bi hannuna da harshe. Tsohon ya rako mu bakin mota yana ta godiya da Fulatanci, sannan ya dafa gilas ya ce:

“Alhaji, yaushe wasu baƙin za su zo?”

Abokina ya tayar da mota. Ba mu fita daga yashin ba muka ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana rufe ta.

Mun iso Maraɗi lafiya. Abin da na koyo shi ne, akwai masu son kayan tarihi fiye da mutanen da suka yi tarihin, kuma su ke riƙe da makulli. Na yi kiran waya inda zan iya, an ce za a duba. Ban san ko saniyar nan ta tashi ba. Don haka duk mai mota a cikinku, ya neme ni in kwatanta masa hanya. Ba sai kuna sha'awar tarihi ba. Ku je da sassafe, ku riƙe abincin rana, in kun isa kuma don Allah kada ku yi sauri.