Yaya Habu Bai Sayar da Gwadon Inna Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu. Na so in bar ranar ta wuce kamar yadda talatin da tara suka wuce, in yi masa addu'a, in sa a dafa abincin sadaka, in kama bakina. Abin da ya hana ni shi ne wani taron nuna kayan gargajiya da aka yi a nan Dutse watan jiya. Aka gayyace mu, mu tsofaffin malaman makaranta, aka jera mu a kujerun gaba kamar mu ma kayan nunin ne. Wani matashi, shaddarsa ta ƙasar waje sai ƙyalli take yi, ya karɓi lasifika ya ce wai abin da ya kashe saƙar matan Dutse shi ne wani ɗan gari da ya je karatu Ingila, ya sayar wa Turawa da sirrinta. Bai kama suna ba, don ko sunan bai sani ba. Aka yi ta tafa masa. Ni kuwa ko ruwan da aka raba ban iya sha ba, na ɗauki sandata na dawo gida.

Wannan ɗan garin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma tunda har yaran da aka haifa bayan rasuwarsa sun gaji zancen, bari in faɗi abin da na sani.

A lokacin Dutse gunduma ce ƙarƙashin Kano, daga hakimi sai malaman En'e, wato hukumar gargajiya, sai Baturen da kan zo rangadi. Yaya ya yi elemantare a nan, ya yi Midil a Kano, ya zama akawu a kantin wani kamfanin Turawa. Kamfanin ne ya zaɓe shi, ya tura shi shekara biyu makarantar koyon kasuwanci a wani garin masaƙu a arewacin Ingila. Babanmu ya riga ya rasu. Da saƙa Inna ta riƙe mu.

Matan unguwarmu suna da wani gwado da babu irinsa a ko'ina, ana ce masa mai tsani. Fari ne mai kauri, da layi biyu na shuni a tsaye, da ƙananan layuka a tsakaninsu kamar matakala. Tun daga Kafin Hausa da Miga fatake suke zuwa nemansa, don kayan ɗakin amarya ba sa cika in babu shi. Kusan kowane gida akwai masaƙa jingine da bango, amma kowa ya san hannun Inna daban ne. Yaya kuwa shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya shigo gaisuwa ta amsa a taƙaice ta kau da kai. Da ta ji labarin sanyin ƙasar da za shi, ba ta ce masa uffan ba. Ta zauna wata guda ta saƙa masa mai tsani mafi kauri da ta taɓa yi, ta ba ni ta ce in kai wa yayana. Rabin zaren ni na kaɗa shi, ina aji uku a elemantare.

Ni yake rubuto wa wasiƙa, amma mu duka mun san wa ake nufi. In ta iso, sai in zauna kusa da masaƙa da la'asar in karanta da ƙarfi, Inna tana aiki kamar ba ta ji. A nan muka san yadda ɗan Dutse yake rayuwa a can. Ɗaki guda a saman bene a gidan wata gwauruwa. Abinci dankali da kabeji dafaffe ba yaji ba daddawa, nama kuwa ya daina taɓawa don bai san wanda ya yanka ba. Hayaƙin masaƙu yana baƙanta masa wuyan riga kafin azahar. Shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu, kuma shekara guda cur babu ɗalibin da ya tambaye shi ko ina ne garinsu. Ana koya musu yadda ake ɗaure kaya a ɗora a jirgin ruwa, da yadda ake gane yadi mai kyau da tafin hannu, da yadda ɗan kasuwa zai karanci abin da mai saye yake so tun kafin ya buɗe baki. Ya ce karatun ba shi da wuya, kaɗaicin ne mai wuya. In ya dawo daga makaranta sai ya lulluɓa da gwadon Inna ya yi bita, a kansa kuma yake salla.

Mutum ɗaya ne ya ja shi a jiki, malamin da ke koya musu sanin yadi, wani dogo mai shan lofe. Yakan gayyace shi shan shayi ranar Lahadi. Da mura ta kwantar da Yaya, wannan malami ya hau benen da ƙafarsa ya duba shi, a nan ya ga gwadon. Ya shafa, ya ɗaga shi a hasken taga, ya ƙirga layukan, ya tambayi wanda ya saƙa da yadda ake rina zaren. Bayan mako biyu ya sake tayar da zancen a gaban 'yan aji, ya ce bai taɓa ganin aikin hannu kamarsa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke kan ɗalibi in malaminsa ya yaba abinsa har sau biyu. Amma Yaya bai yi gaban kansa ba. Ya rubuto ya ce in tambayi Inna, don gwadon aikinta ne, kuma sanyi bai wuce ba.

Ranar nan Inna ta dakatar da saƙa, abin da ba ta taɓa yi ba in ina karatu.

"Sau nawa ya ce mutumin ya yaba?"

Na ce sau biyu.

"Kuma yana zaune yana jiran wasiƙa ta haye teku? Ɗauko alƙalaminki. Ki gaya wa yayanki kada ya ba ni kunya. Mutumin da ya hau bene ya duba shi yana kwance, ko rigar jikinsa ya yaba ai sai ya tuɓe masa. Ya wanke shi, ya naɗe, ya kai masa da hannu biyu. Ya nemi albarkarsa."

Na rubuta kamar yadda ta faɗa, har ina jin daɗin yadda rubutuna ya miƙe. Yaya ya kai gwadon. Sauran watannin sanyin da kwat ɗinsa ya riƙa kwana.

Ya dawo da takardar shaidarsa, ya koma kantin kamfani a Kano. Bai cika shekara biyu da dawowa ba, wata safiya aka kwance dilar sabon yadi daga Ingila a gabansa, sai ga mai tsani. Layi biyu na shuni, matakala a tsakani, ba a rage ko ɗaya ba. Ba saƙa ba ce, inji ne ya buga zanen a kan farin yadi mara nauyi, kuma arharsa ta sa ko mai sayar da daddawa za ta iya saye. Kafin damina ya cika kasuwar Shuwarin. Fatake suka daina ƙwanƙwasa ƙofofinmu. Masaƙa ɗaya bayan ɗaya aka sauke aka jingine a bayan rumbu, gara ta cinye.

Har yau in na tuna malamin nan raina yana ɓaci. Ba jahili ba ne. Shi ne yake tsayawa a gaban aji yana koya musu cewa zanen yadi dukiya ce, mai shi yana da haƙƙi a kansa. Ya san abin da ya karɓa, ya san inda zai kai shi. Yaro ya miƙa masa abin da ya fi komai daraja a ɗakinsa yana neman albarka, shi kuwa samfur ya gani. Yaya ya rubuta masa wasiƙa har sau biyu, ko amsa bai samu ba.

Amma Bature yana can bayan teku, ba a iya hararar sa daga Dutse. Yaya ake gani. Shi ya je Ingila da gwadon, shi ne kuma akawu a kantin da ke sayar da na bugun. Mata suka raɗa wa yadin suna cinikin Habu, haka ake kiransa a kasuwa a gaban kowa. In ya zo gida da Salla ya gai da dattijai, sai su amsa suna kallon wani wuri. Tuwon da maƙwabta kan aiko wa baƙo ya daina shigowa gidanmu in yana nan. Aka ce da kuɗin ya sayi kekensa.

Na same shi a zaure wata rana ina kuka, na ce zan bi gida gida in gaya musu Inna ce ta ce ya bayar, ni kuma na rubuta.

Ya ce, "Asabe, zauna. In kika faɗa, da wa Inna za ta je suna? Wa zai aiko mata da kunu in ta kwanta ciwo? A cikinsu take, a cikinsu za ta mutu. Ni ina da Kano."

Na ce ai ba gaskiya ba ne abin da ake faɗa.

"Na sani. Ki bar shi a kaina, ya fi sauƙin ɗauka. Kuma kada ki tayar wa Inna da zancen."

Da Inna kuwa ba su taɓa yin maganar ba, kunyar ɗan fari ba ta bari ba. Ya bar kamfanin, ya kama sayen fata a wajen Garki, bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba. Zuwansa Dutse ya koma sau biyu a shekara, ya gai da Inna, ya ci abinci shi kaɗai a zaure, ya juya. Shekara ashirin da biyar haka. Ranar zaman makokinsa, da kunnena na ji wata ta ce Allah ya yafe masa abin da ya yi wa mata. Ina zaune, na ce amin tare da kowa. Inna ta bi shi bayan shekara biyar, alkawarin rufe baki da na yi wa Yaya ya sauka daga kaina, amma ban yi magana ba. Ina shugabar makaranta a lokacin, 'ya'yan matan unguwar da jikokinsu nake koyarwa, ban so rigima ba. Wannan ba biyayya ba ce, tsoro ne, kuma ina jin kunyarsa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Dutse ta zama babban birnin jiha, ga jami'a har a Kafin Hausa. Jikata tana can ƙasar waje, ita ma kasuwanci take karanta, in ta ƙona shinkafa sai ta kira ni ta nuna mini tukunyar a waya. Tambayar da ta ɗauki wasiƙar Yaya wata biyu zuwa da dawowa, ita kafin shayinta ya huce ta samu amsa. Ina jin zai yi murna da wannan. Abin da zai ba shi dariya, irin dariyarsa ta gefen baki, shi ne ganin masu kukan mutuwar saƙa a taro, babu ko ɗaya da zaren gida a jikinsa. Iyayensu ma da ƙafarsu suka je Shuwarin suka sayi na bugun, har da masu zaginsa. Babu wanda ya sa musu wuƙa a wuya.

Bayan taron nan na ce kafin in rubuta wa jarida, bari in fara da wadda take da haƙƙin ji. A cikin matan da suka yi saƙa tare da Inna saura mutum ɗaya, Hajiya Tabawa, wadda tana amarya aka yi abin. Idonta ya tafi amma hankalinta garau. Na same ta da hantsi tana shan rana a tsakar gida. Na durƙusa na zayyana mata komai, ina jiran ta yi salati.

Ta ce, "Wannan ne ya kawo ki da sanda, Asabe? Ai mun sani."

Na ce, "Hajiya, kun san me?"

"Makon da yadin ya shigo kasuwa Innarku ta same mu muna gurzar auduga a gidan Liman. Ta ce ita ta sa shi, kada a ga laifin yaron. Muka ce ta yi shiru, kada ta ƙara faɗa."

"To, me ya sa kuka ci gaba da zaginsa?"

Ta lalubi carbinta. "Abincinmu ya tafi, dole mu ji haushin wani. Innarku za mu ji wa, da muke aron turminta safe da yamma? Shi ai ba a gari yake ba."

Ta tambaye ni lafiyar yara, na amsa, na yi mata sallama.

Ban san abin da ya rage na Yaya Habu ba in ban da wannan. Mai tsani na gaske ko ƙyalle babu a garin nan, takardar shaidarsa ta ɓace a ƙaura, 'ya'yansa sun watsu. Ƙaryar ce kawai ta yi tsawon rai, har ta samu lasifika. Baturen na bar shi da Allah. Kaina ma ina roƙon gafara. Amma mutanen da suka san gaskiya tun makon farko, suka bar shi yana cin tuwon Salla shi kaɗai a zaure shekara ashirin da biyar don kawai ya fi sauƙin tsana, har yanzu zuciyata ba ta sauko a kansu ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta sauko ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta. Ya rasu yana zaton ya rufa wa Inna asiri.