Madubin Bindigar Orval

Orval Stenvik ya shekara hamsin yana kiwon tumaki a gabashin jihar Montana ta Amurka, bai taɓa ɗora wa bindigarsa madubin hange ba sai da idonsa ya dushe. A bana diloli sun cinye masa 'yan raguna tara. Ɗansa ya rantse in aka ƙara ɗaya zai sayar da garken.

Orval ya je kanti ya nuna madubi mafi araha.

"Baba Orval, wannan ba ya jure girgizar mota," in ji mai kanti.

"Tun kana zanin goyo nake harbi. Naɗe min."

Sau ɗaya ya saita madubin, ya jefa bindigar bayan kujerar mota yadda ya saba, ta yi kwana goma tana tsalle a hanyar tsakuwa. Ranar da dila ya shigo garke, Orval ya auna ƙirjin dilan ya ja kunamar bindiga. Karensa da ke biye da dilan ne ya faɗi. Dila ya wuce da ɗan rago.

Matarsa Verna ta leƙa ramin da yake haƙa wa karen.

"To, tsoho, ka samu araha."

Ranar Asabar motar dillalin tumaki ta zo.