Jirgin Ranar Talata

Shekara tara ina sayar da waakye, shinkafa da wake irin namu, a bakin titin Nima a Accra, daidai inda motocin haya na trotro ke sauke mutane, kuma duk wanda ya san ni ya san abin da nake tara wa kuɗi. So nake in kai Mma Makka. Mu biyu ta haifa, ni da yayana, ta raine mu da koko da ƙosai bayan rasuwar babanmu, har hayaƙi ya kusan cinye mata ido ɗaya. Na ɗaukar wa kaina alkawari sai an kira ta Hajiya kafin ta bar duniya. Ba zan yi ƙarya ba, akwai son a gani a ciki. Ina so ranar da za ta dawo lungunmu ya cika, matan da ke mana kallon banza su zo su durƙusa su karɓi dabino da zamzam.

Yayana ya dawo daga Legas a shekarar da aka koro mutanenmu, daga shi sai jaka ɗaya da rediyo mai kaset. Can bakanike ne, har da yara a ƙarƙashinsa. Nan kuwa ya samu benci a ƙofar gida ya zauna, ya yi kusan shekara biyu ba ya aiki, ba ya hira, abinci ma sai Mma ta tsaya a kansa. Ni haushi yake ba ni. Ina fita da tukunya yana kan benci, ina dawowa yana kan benci, kamar tare aka sassaƙa su.

Sai wata rana ya shigo ɗakina da fara'a, abin da na manta yana iyawa. Ya ce kuɗin da nake ɓoyewa narkewa suke yi, kuɗinmu sidi kullum faɗuwa yake, kujerar Makka kuma kullum hawa take. Wannan gaskiya ne, na sani. Ya ce ya samu wasu masunta 'yan ƙabilar Ga a Chorkor, bakin teku, masu neman wanda zai shiga da su a kwalekwale mai inji, in na yarda, shekara biyu ta isa kifi ya kai mu Makka ni da Mma tare. Na juya na dubi Mma da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta ce in ba shi, ai ɗan'uwana ne, ba zai cuce ni ba. Na kwance ƙullin na ba shi duka.

Daga nan kowace Talata sai ya yi sammako. Ya ce ranar ce yake bin su teku don ya ga abin da ake kamawa da idonsa, kada su rufe mu. Na yaba masa da wayo. Da yamma ya dawo rana ta gasa shi, da kifi a leda, yana 'yar waƙa. Riba dai shiru. Yau inji ya lalace, gobe raga ta yage, jibi teku ta yi rowa. Na riƙa haƙuri, don ina ganin ya zama mutum, Mma kuma ta daina share hawaye a ɓoye.

Mu mutanen zango muna zaune kusa da teku, amma baya muka ba ta. A Accra aka haife ni, sau nawa na taɓa tsayawa a bakinta? Bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Abin da na sani na kifi shi ne busasshe da nake saye a Kasuwar Malam Atta don haɗa shito, yajin da ake zuba wa waakye, wajen wata dattijuwa Ga da muka shekara bakwai muna ciniki. Rannan baki ya ja ni, na yi mata alfahari cewa ta kusa rasa ni, mu ma yanzu muna da kwalekwale, yayana ma duk Talata yana cikin teku.

Ta ajiye mudunta ta dube ni.

"Talata? Ƙanwata, Talata teku tana hutawa. Tun kakanmu ba mai sa kwalekwale a ruwa ran Talata. Ko yaro ya sani."

Na ce wataƙila su nasu daban ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ni wane irin kifi yake kawowa. Na ce karfasa. Ta daina dariyar. Ta ce wannan ai kifin kogi ne, sannan ta ƙara mini jatan lande a kan abin da na saya ba tare da na roƙa ba. Wannan gyaran ya fi dariyar yi mini ciwo. Shekara guda da rabi ina soya karfasa ina cewa Allah ya yi wa teku albarka.

Ban tambaye shi ba, don na san bakinsa. Wani abokinsa tela na je na tsare a shago, na ce ko ya faɗa mini ko in tara masa mutanen unguwarsu Maamobi. Bai ja ba. Ya ce garin Ada suke zuwa, can inda kogi ke shiga teku.

Talatar da ta biyo ban ɗora tukunya ba, karo na farko tun da na fara sana'ar. Na hau mota, tafiyar da ba ta ƙarewa, ina ta tsara maganganun da zan faɗa. Da na isa bakin ruwa ban sha wahalar nema ba, don tun daga nesa na ji kaset ɗin nan nasa. Wani ɗan jirgi ne fari mai ratsin shuɗi, da inji a baya, an yi masa rumfa da tamfol. Ba raga, ba masunta. Abokansa biyu na kishingiɗe da butar shayi da tsire a takarda. Shi kuma yana zaune a gefe da sandar fatsa, ƙafafunsa cikin ruwa, yana dariya da dukan bakinsa.

Na daɗe a tsaye ban kira shi ba. Tun muna yara ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Da na same shi da mace ko da kwalba, da na san abin da zan yi da shi. Amma farin ciki na gani, na gaske, kuma da gumina aka saye shi.

Da ya hango ni ya matso da jirgin bakin gaɓa, ya sauko, ya kasa haɗa ido da ni.

"Tun da na dawo," ya ce, "nan kaɗai nake iya numfashi."

"Da Makkar Mma kake numfashi, Yaya?"

 Duk maganganun da na tsara a mota suka gudu. Na juya na tafi.

A hanya abin da ke damuna shi ne yadda zan gaya wa Mma ba tare da zuciyarta ta buga ba. Na same ta tana tsince wake. Na zauna, na fara kewaye-kewaye. Ba ta ko ɗago kai ba, sai ta ce ta sani. Tun kafin ya shigo ɗakina ta sani. Ta ce ta ga ɗanta yana mutuwa a kan benci, ta tambaye shi abin da zai tashe shi, ya faɗa mata, ita kuma ba ta da abin ba shi. Na ce to ni fa?

"Ke kina da ƙarfi," ta ce. "Ke ko an kayar da ke za ki tashi."

An sha zagina a bakin titi, ban taɓa jin zagin da ya kai wannan yabon zafi ba. Wato don ina iya ɗauka, shi ya sa aka ɗora mini, aka kuma haɗa kai aka rufe ni kamar baƙuwa.

Na tashi ɗin kuwa, kamar yadda ta ce. Na koma kan tukunyata, na sake tari daga farko, amma duk abin da na tara sai kujerar ta yi gaba ta bar ni. Jirgin ya yi shekara uku, inji ya mutu, aka sayar da shi a wulaƙance. Ni da yayana gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya samu gareji a New Town yana aiki, mutane suna cewa Allah ya tashi kafaɗarsa, ni kuma ina cewa amin.

Mma ba ta je Makka ba. A ciwonta na ƙarshe, wata la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta tambaye ni ko na tuna Talatar da yayana ya kai ta asibitin ido. Na tuna sarai, ni na ba da kuɗin tasi, na zuba musu waakye a kwano saboda layi. Ta ce ba asibiti suka je ba. Ya sa ta a jirgin, ya kai ta har inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, ta sa hannu a ciki, ta yi alwala da shi, iska tana ɗaga mata mayafi. A can suka ci waakyen. Tana faɗa fuskarta tana haske, ta ce tun da take ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ban daina shafa ƙafar ba har ta gama.

Yanzu in na ji matasa suna gardama ko irin wannan kashe kuɗi yana kawo farin ciki, ba na shiga. Na san yana kawowa, na gani a fuska biyu da na fi so a duniya. Jirgin ya yi shekara uku a kan ruwa, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa cewa in ajiye tukunya rana ɗaya in zo in shiga.